Tantance Asali da Ƙimar Tsofaffin Saksofon a Kasuwar Gwanjo

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da masana ke bi wajen gane asalin tsohon saksofon da yanke masa ƙima kafin a kai shi gwanjo. Ta kafa hujja cewa tsufa kaɗai ba ya sa wa wannan abin busa daraja, domin masu tayawa kashi uku ne, wato gidajen tarihi da mabusa da masu neman kayan shahararrun makaɗa, kuma abin da ke jan hankalin wani kashi sau da yawa ba ya gaban ɗaya kashin.

Asali da alamomin ƙira

Adolphe Sax, wanda aka haifa a garin Dinant na ƙasar Beljiyam a 1814, shi ne ya ƙirƙiro saksofon, ya kuma sami takardar haƙƙin ƙirƙirarsa a birnin Paris a 1846. Tun yana raye kayansa suka san gwanjo, domin bayan karayar arzikin da ya yi a 1877 an sayar da tarin kayan kiɗan da ya adana a zauren gwanjo na Drouot. Saksofon ɗin da ya fito daga maƙerarsa ana gane shi da sunansa da aka zana a faffaɗan baki, da ƙarancin maɓallai, da kuma maɓallai biyu daban-daban na ɗaga sauti zuwa sama, waɗanda maƙeran baya suka haɗe suka zama ɗaya. Irin wannan gidajen tarihi ne ke rububinsa, amma mabushin da ke cin abinci da sana'ar ba ya iya aiki da shi a dandali, shi ya sa ba abin mamaki ba ne saksofon da ya girme wani da shekara ɗari ya kasa kamo farashin ƙanensa.

Matakin farko na tantancewa shi ne lambar ƙira, wato lambar da kamfani ke bugawa a jikin kowane ɗaya bi da bi, wadda ake gwadawa da jadawalin kamfanin a gano shekarar ƙira. Kamfanin Selmer na Faransa ya fito da samfurin Mark VI a 1954, daga wajen lamba 55,000, ya ci gaba da ƙera shi kimanin shekara 20, kuma masu lambar da ba ta kai 100,000 ba su ne mabusa suka fi so. Sai dai lamba ba ta wadatarwa, saboda manyan kamfanonin Amurka irin su Conn da Buescher da Martin sun riƙa ƙera wa shaguna kaya da sunayen shagunan. A nan siffar ramukan sauti ce ke tona asiri: na Martin, alal misali, liƙa su ake yi a jiki da dalma maimakon a zaro su daga tagullar kanta.

Akwai harafi guda da ke iya rusa ciniki gaba ɗaya. A ƙarƙashin lambar yawancin kayan Amurka na farkon ƙarni na 20 ana samun L ko H. Harafin L yana nufin an daidaita sautin a kan ma'aunin da ake amfani da shi yau, mai girgiza 440 a sakan, H kuwa tsohon ma'auni ne da ya ɗara wannan tsini, kuma tun da bambancin yana cikin tsawon jiki da mazaunin ramuka, babu gwanin gyaran da zai sa shi ya jitu da sauran kayan kiɗa. Haka nan samfurin C-melody, wanda aka ƙera da yawan gaske a shekarun 1920, yawansa da ƙarancin masu busa shi sun sa ba ya tsada ko da kyawunsa ya kai ina.

Matsalar sabon fenti

Nan ne aikin mai tantancewa ya fi wuya, nan ne kuma magada suka fi tafka asara da kyakkyawar niyya. Ana shafa wa tagullar saksofon siririn fenti mai sheƙi domin kariya, wanda da daɗewa yakan yi duhu ya koma launin zuma, ya kuma goge a wuraren da tafin hannu da babban yatsa ke zama. Wanda bai sani ba yakan ɗauki wannan a matsayin lalacewa, sai ya kai a kankare a sake fenti, alhali kankarewar da injin goge ke yi tana cin ƙarfen kansa. Idan aka kara madubin ƙara girma a kan zanen furannin da ke faffaɗan baki, za a ga na asali yana da kaifi har farce na iya jin gefensa, wanda aka sake wa fenti kuwa layukansa sun daƙushe, fenti ya kwanta a cikinsu, lambobin ƙira ma sun yi sama-sama. Masana sun yi saɓani a kan ko wannan yana canza sauti, amma kasuwa ba ta jira ƙarshen muhawarar ba, domin kodaɗɗen asali ya fi mai ƙyalli tsada. Wannan hukunci na kasuwa yana da madogara, tun da ƙarfen da aka goge ba ya dawowa har abada.

Wuya ma, wato lanƙwasasshen bututun da ake cirewa, dole a tabbatar nasa ne kuma bai taɓa lotsewa ba. Fatun da ke toshe ramuka kuwa kayan canji ne, ba sa rage daraja.

Silsilar mallaka da tsarin ciniki

Silsilar mallaka ita ce jerin hannuwan da kaya suka bi tun daga maƙera, kuma tana iya rinjayar duk abin da aka ambata a sama. Saksofon samfurin Grafton, wanda aka yi da roba mai tauri a Ingila a shekarun 1950, mai saurin tsagewa ne, amma wanda mabushin jaz Charlie Parker ya busa a zauren Massey na Toronto a 1953 an sayar da shi fam 93,500 a gidan gwanjon Christie's da ke Landan a 1994, yanzu kuma yana gidan tarihin kiɗan jaz a Kansas City. Abin da aka saya a nan shi ne tabbacin cewa wannan ɗin ne, saboda haka labarin baka na iyali bai isa ba sai an haɗa da rasiɗi ko wasiƙa ko hoton da ke nuna tabo ko zanen da ya dace da na kayan.

Ƙiyasin da gidan gwanjo ke bugawa a kundinsa hasashe ne kawai, kuma yawanci akwai ɓoyayyen farashi da mai kaya ya gindaya wanda ba a sallamawa ƙasa da shi. Mai saye yana biyan la'ada a kan farashin da aka buga guduma, sannan idan mabushi ne gyara na jiransa, shi ya sa mai hankali ke cire waɗannan biyu daga iyakar tayinsa tun kafin a fara. Da yake yanzu galibin tayi ta intanet ake yi, ba tare da an taɓa kayan ko an busa ba, wajibi ne rahoton yanayin kaya ya fayyace ma'aunin sauti da asalin fenti da wuya, tare da hotunan lamba da zane daga kusa.