BABI NA UKU: TARIHIN KAMFANIN GINE-GINE NA IYALAN BIN LADIN

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin kamfanin gine-gine na iyalan Bin Ladin da ke ƙasar Saudiyya, tun daga kafuwarsa a shekarar 1931 har zuwa lokacin da gwamnati ta karɓi wani kaso na hannun jarinsa a shekarar 2018. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa aikin hajji daga ƙasar Hausa cikin shekaru sittin da suka wuce ya yi salla a cikin ginin da wannan kamfani ya yi, ko da kuwa bai san sunansa ba. Abin da babin zai fi mayar da hankali a kai shi ne dangantakar kamfanin da gidan sarautar Saudiyya, domin ta nan ya sami ɗaukaka, ta nan ne kuma ragamarsa ta suɓuce daga hannun masu shi.

3.1 Asalin Muhammad bin Ladin

An haifi Muhammad bin Awad bin Ladin a wajajen shekarar 1908 a wani ƙauye mai suna Rubat da ke kwarin Do'an cikin yankin Hadramaut na ƙasar Yaman ta yanzu. Yanki ne mai ƙarancin ruwa da ƙasar noma, don haka al'adar mutanensa ce su fita neman arziki zuwa Habasha da Indiya da tsibiran Jawa da kuma Hijaz. Shi ma tun yana yaro ya bi wannan hanya. Ya fara zuwa Habasha inda ya rasa idonsa ɗaya, daga baya ya ƙetaro zuwa Jidda ya shiga dakon kayan alhazai a bakin tashar jiragen ruwa. Bai iya karatu da rubutu ba, amma an shaide shi da iya lissafi da ka da kuma riƙe abu a zuci.

Daga dako ya koma aikin birkila. Shekarar 1931 ita ce kamfanin ya ɗauka a matsayin shekarar kafuwarsa, sai dai bai kamata a ɗauka cewa a lokacin akwai wani kamfani mai ofis da ma'aikata ba. Ɗan ƙaramin ɗan kwangila ne da ƙanensa Abdullahi da 'yan leburori, a ƙasar da ita kanta ba ta da kuɗi. A wancan zamani harajin alhazai shi ne babbar hanyar samun kuɗin gwamnati, ga shi kuma yawan alhazan ya ragu ƙwarai saboda karyewar tattalin arzikin duniya. Ba a sami man fetur mai yawan da za a sayar ba sai a 1938, kuɗinsa kuwa bai fara shigowa sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

3.2 Yadda ya shiga fada

Da kuɗin mai ya fara shigowa, abu na farko da 'ya'yan sarauta suka buƙata shi ne gidaje na siminti a maimakon na laka. Muhammad bin Ladin ya sami shiga ta wannan ƙofa. Ana ba da labarin cewa ya gina wa Sarki Abdul'aziz wata hanya mai hawa a jikin fadarsa ta Jidda, yadda mota za ta kai shi hawa na sama ba tare da ya taka matakala ba, kasancewar tsufa da ciwon ƙafa sun kama shi. Ko da an yi wa labarin ƙari, yana nuna irin yadda mutumin yake aiki. Yana lura da buƙatar sarki ya biya ta, ba ya musu a kan farashi, ba ya kuma ajiye aiki don an yi jinkirin biyansa.

Wannan hali na ƙarshe shi ne ya bambanta shi da kamfanonin Turawa. Su suna son yarjejeniya a rubuce da biya a kan lokaci, baitulmalin Saudiyya kuwa a lokacin ba a bambance shi da aljihun sarki ba, yau akwai kuɗi gobe babu. Lokacin da wani kamfanin Ingila ya kasa ƙarasa hanyar Jidda zuwa Madina a farkon shekarun 1950, Bin Ladin aka miƙa wa aikin duk da bai taɓa shimfiɗa kwalta mai irin wannan tsawo ba. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. A lokacin wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka da Madina, saboda haka manyan kamfanonin Amurka da na Turai irin su Bechtel ba su da damar neman aikin Masallatai biyu masu alfarma. Filin ya zama nasa shi kaɗai.

An fara faɗaɗa Masallacin Annabi (SAW) a 1951, aka kammala a 1955 zamanin Sarki Sa'ud, kasancewar Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. A cikin shekarar ta 1955 aka fara faɗaɗa Masallacin Harami na Makka, aikin da ya ɗauki kimanin shekara ashirin, wanda a cikinsa ne aka shigar da wurin Safa da Marwa cikin masallaci aka yi masa hawa biyu. Kafin nan ana yin sa'ayi ne a tsakiyar kasuwa, tsakanin shaguna da masu wucewa. Haka kuma shi ya sami kwangilar gyaran Ƙubbar Sakhara a Baitul Muƙaddas, wanda aka gama a 1964 lokacin da birnin ke hannun ƙasar Jodan. Ke nan mutum guda ya yi aiki a wurare uku mafiya daraja a Musulunci. A ɓangaren hanyoyi kuwa, aikin da ya fi fito da sunansa shi ne hanyar da ta haura duwatsu daga Makka zuwa Ɗa'ifa.

3.3 Rasuwarsa da batun gado

Bayan ɓarkewar yaƙin basasar Yaman a 1962, gwamnatin Saudiyya ta buƙaci hanyoyin da za su kai sojoji kudancin ƙasar, aka kuma ba kamfanin aikin. A wajen duba wannan aiki ne jirgin saman Muhammad bin Ladin ya faɗi a yankin Asir ranar 3 ga Satumba, 1967, ya rasu. Kamar yadda Steve Coll ya kawo a littafinsa na tarihin wannan gida wanda ya fito a 2008, marigayin ya bar 'ya'ya 54, maza 25 da mata 29, daga iyaye mata daban-daban.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari, domin a irin wannan gaɓa ce yawancin kamfanonin iyali ke mutuwa. Abin da aka saba gani a wurare da dama, har da ƙasar Hausa, shi ne da zarar mai gida ya kwanta dama sai a yi wa kayan aiki kuɗi a raba, wannan ya ɗauki tifa, wancan ya ɗauki katafila, wani ya sayar da nasa kason, shekara biyu babu kamfani. Idan aka bi ƙa'idar rabon gado, aka fitar da tumunin matan aure, sannan aka ba namiji rabon mata biyu, kowane ɗa namiji a gidan Bin Ladin zai tashi da kashi biyu da 'yan ɗoriya ne kawai cikin ɗari. Babu wanda zai iya riƙe kamfani da wannan. Ga shi kuma manyan 'ya'yan duk samari ne da ba su daɗe da haura shekara ashirin ba.

Sarki Faisal ne ya shiga tsakani. Ya naɗa kwamitin amintattu ya riƙe kamfanin a dunƙule, magada suka sami rabonsu a matsayin hannun jari, ba a taɓa kayan aikin ba. A ganin mai wannan bincike, ba tausayin marayu kaɗai ya sa sarki yin haka ba. Aikin Harami bai ƙare ba, hanyoyin kudu ba su ƙare ba, kuma babu wani kamfanin cikin gida da zai iya ɗaukarsu. Gwamnati ta ceci kamfanin ne domin tana buƙatarsa. Wannan mataki ya tabbatar da wani abu da ba a rubuta a takarda ba, wato sarki yana da ta cewa a kan wanda zai riƙe kamfanin. Shekara hamsin bayan haka aka sake amfani da wannan iko, amma ta wata fuska.

3.4 Zamanin Salim da Bakr

Salim, wanda ya yi karatu a Ingila, shi ya zama jagoran gidan. A 1972 shi da wasu 'yan'uwansa suka kafa wani kamfani nasu na daban domin su riƙa karɓar ayyuka ba tare da jiran amintattu ba, sannu a hankali kuma suka dawo da ikon kamfanin mahaifinsu hannunsu. Sun yi sa'ar lokaci, domin farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973. Salim ya bi sawun mahaifinsa wajen kusantar fada, musamman Yarima Fahd wanda ya zama sarki a 1982. Lokacin da Juhaiman al-Utaibi da mabiyansa suka mamaye Masallacin Harami a watan Nuwamba na 1979, wurin kamfanin aka nemi taswirar ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda 'yan tawayen suka ɓuya, domin su suka gina su.

Salim ya rasu a 1988 a jihar Texas ta Amurka, shi ma a hatsarin jirgin sama, wani ɗan ƙarami da yake tuƙawa da kansa. Ƙanensa Bakr, injiniyan gine-gine da ya yi karatu a Jami'ar Miami, ya gaje shi, ya kuma haɗe rassan kamfanin a ƙarƙashin suna guda a 1989, wato Saudi Binladin Group. A hannunsa aka kammala faɗaɗawar Sarki Fahd a Makka da Madina. A Madina an yi ƙubbobi 27 masu zamewa su buɗe rufin masallaci, aka kuma gina tashar sanyaya ruwa a nisan kimanin kilomita bakwai, ana turo ruwan ta ƙarƙashin ƙasa domin sanyaya masallacin.

Ba za a wuce wannan zamani ba tare da ambaton Usama, ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayin ba. 'Yan'uwansa sun fitar da shi daga cikin masu hannun jari, suka kuma barranta da shi a fili a 1994, shekarar da gwamnati ta ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa. Harin 11 ga Satumba, 2001 ya ɓata sunan gidan a Amurka da Turai, amma abin lura shi ne bai rage wa kamfanin aiki a cikin gida ba. Zamanin Sarki Abdullahi ma ya fi kowane zamani yi masa albarka. Shi ya sake gina gadar Jamrat mai hawa-hawa bayan turmutsitsin 2006 da ya kashe alhazai fiye da 340. Shi ya gina dogon benen agogo na Makka mai tsawon mita 601 da aka kammala a 2012, a wurin da aka rushe ganuwar Ajyad ta Turkawa a 2002, rushewar da ƙasar Turkiyya ta yi Allah wadai da ita. A 2011 kuma ya sami kwangilar Hasumiyar Jidda wadda aka tsara za ta kai kilomita guda.

3.5 Faɗuwar ƙugiya da abin da ya biyo baya

Sarki Abdullahi ya rasu a watan Janairu na 2015, Sarki Salman ya hau, a daidai lokacin da farashin mai ke faɗuwa daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Ranar Juma'a 11 ga Satumba, 2015, ana saura 'yan kwanaki a fara aikin hajji, iska mai ƙarfi ta kayar da wata babbar ƙugiyar ɗaga kaya ta kamfanin a cikin Masallacin Harami. Mutum 111 suka rasu, cikinsu har da alhazan Nijeriya, wasu kusan 400 suka jikkata. Kwamitin bincike ya gano cewa ba a sauke hannun ƙugiyar ba kamar yadda ƙa'idar aiki da ita ta tanada. Sarki ya hana kamfanin sababbin kwangiloli, ya kuma hana shugabanninsa fita ƙasar.

Kamfanin da yake da masu ba shi aiki da yawa zai iya jure irin wannan hukunci. Wannan kuwa kusan mai ba shi aiki guda ne, kuma shi ne ya rufe ƙofa, ga bashin ayyukan baya da gwamnati ba ta biya ba. A 2016 an sallami dubun dubatar ma'aikata 'yan ƙasashen waje, da yawansu suna bin albashin watanni, har wasu suka ƙona motocin safa na kamfanin a Makka. Waɗannan leburori, waɗanda ba su da hannu a dangantakar kamfanin da fada, su suka fi kowa ɗanɗana kuɗarta. An ɗage takunkumin a watan Mayu na 2016, amma a Nuwamba 2017 aka tsare Bakr a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyad tare da 'ya'yan sarauta da attajirai da dama, a kamen da Yarima Muhammad bin Salman ya jagoranta da sunan yaƙi da cin hanci. A 2018 kashi 36 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin, wato kason Bakr da 'yan'uwansa biyu, ya koma hannun wani kamfani na Ma'aikatar Kuɗi mai suna Istidama, aka kuma naɗa kwamitin da zai tafiyar da harkokinsa. Ba a sallami Bakr ba sai a 2021.

Shari'ar ƙugiya ta daɗe a kotu. Da farko an wanke waɗanda ake tuhuma, daga baya Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, sannan a watan Fabrairu na 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Makka ta sami kamfanin da laifin sakaci ta ci shi tarar riyal miliyan 20, ta kuma yanke wa wasu jami'ai hukuncin ɗauri. Aikin Hasumiyar Jidda da ya tsaya a 2018 an sake ba kamfanin kwangilarsa a 2024, aka koma bakin aiki a watan Janairu na 2025.