Tsarin Faifai da Adireshin Na'urori a Manyan Rumbunan Ajiyar Bayanai

Tsakure

Abin da kwamfutar uwar garke ke ɗauka a matsayin faifai guda a babban rumbun ajiyar bayanai, yanki ne da aka harhaɗo daga faya-fayai masu yawa. Tsakanin adireshin da kwamfuta ta kira da ainihin inda bayanin yake kwance akwai matakan juya lamba, kuma a nan jinkiri da asarar bayanai suka fi samun kafa.

1.0 Daga CHS zuwa LBA

Tun farko ana nuna wuri a faifai ne da lambobi uku: silinda, kan karatu da gurbi, wato tsarin CHS. Gurbi ɗaya yana ɗaukar bayit 512. Haɗuwar iyakokin BIOS da na ATA ta tsayar da lissafin a silinda 1024, kai 16 da gurbi 63, kimanin megabayit 528. Tsarin LBA ya warware wannan ta hanyar jera gurabe daga sifili zuwa na ƙarshe, aka bar wa faifan sanin inda kowanne yake. Shi ma ya ci karo da iyaka: lamba mai bit 32 ba ta wuce terabayit 2, abin da ya sa aka koma umarnin SCSI masu bit 64, teburin GPT kuma ya maye gurbin MBR.

2.0 Shimfiɗa bayanai a kan faya-fayai

A 1988 David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa maƙalar da ta fito da sunan RAID. Rumbu yana haɗa faya-fayai rukuni-rukuni, ya yanka wa kowace kwamfuta rabonta, ya ba rabon lambar da ake kira LUN.

A ɗauki rukunin RAID 5 mai faifai biyar, da yanka mai kilobayit 64 irin wanda rumbunan CLARiiON na kamfanin EMC suka saba amfani da shi. Yanka ɗaya gurbi 128 ke nan. Kowane layi yana da yanka huɗu na bayani da ɗaya na lissafin kariya, wanda ke zagayawa daga faifai zuwa faifai. Idan kwamfuta ta nemi gurbi na 300, na'urar sarrafa rumbu za ta raba 300 da 128, ta samu 2 da ragowar 44, sai ta nufi yanka na uku, gurbi mai lamba 44. Kwamfutar ba ta da labarin wannan lissafi.

Ƙaramin rubutu a RAID 5 yana jawo aiki huɗu: a karanta tsohon bayani, a karanta tsohon lissafin kariya, a rubuta sababbin biyun. A RAID 6 aikin shida ne.

3.0 Matsalar gurbi na 63

An shafe shekara da shekaru manyan manhajoji suna fara ɓangaren farko na faifai a gurbi na 63, gadon zamanin CHS. Gurbi 63 bayit 32,256 ne, kilobayit 31.5, lambar da ba ta rabuwa daidai da 64 ko da 4. Saboda haka iyakokin da tsarin fayil ya shata suna saɓa wa na rumbu. Kamar mai gona ne da ya ja kunyoyinsa a karkace da iyaka: kowace kunya sai ta ɗan shiga gonar maƙwabci.

A yanka mai kilobayit 64, rubutu ɗaya cikin 16 masu kilobayit 4 zai tsallaka zuwa faifai na biyu, ya ninka aikin. Abin ya fi muni a rumbunan da ma'auninsu kilobayit 4 ne, irin na NetApp, da faya-fayan Advanced Format masu gurbin bayit 4096 da ke nuna wa kwamfuta fuskar 512. A nan kowane rubutu yana hawa gurbi biyu, dole a karanto su, a gyara, a mayar. Abin takaicin shi ne babu saƙon kuskure da ke fitowa. Rumbu kawai yake yin nauyi, hukumar kamfani ta sayo ƙarin faya-fayai don cutar da gyaran lamba ɗaya zai magance. Daga Windows Vista da Windows Server 2008, Microsoft ya mayar da mafarin zuwa gurbi na 2048, kayan aikin Linux ma suka bi wannan hanya. Sai dai tsofaffin kwamfutoci na gaibu da ake kwafa daga rumbu zuwa rumbu suna tafiya da tsohon mafarinsu.

4.0 Hanya daban, suna daban

A cikin rumbu, ana kiran faifai da mazauninsa. A CLARiiON, 0_0_4 yana nufin layi na 0, akwati na 0, rami na 4. A wajen kwamfuta kuwa, Solaris yana rubuta c0t0d0s0, Linux kuma /dev/sda. Na Solaris yana bayyana hanyar da aka bi ne, na Linux kuma jerin da aka gano na'urori lokacin kunnawa, don haka sdb na yau yana iya wayar gari sdc. Lambar LUN ma ba ta keɓanta ba, domin kwamfutoci biyu suna iya ganin rabo ɗaya da lambobi mabambanta. Idan kwamfuta tana da kafa biyu, rumbu ma biyu, rabo guda yana iya bayyana sau huɗu, sai manhajar haɗa hanyoyi ta gane cewa abu ɗaya ne.

Tana ganewa ne da shaidar da ke shafi na 0x83 na bayanan na'ura a ƙa'idar SCSI ta kwamitin T10, wadda ke bin rabon duk hanyar da aka bi. WWN na Fibre Channel da IQN na iSCSI suna nuna kafa ko kwamfuta, kuma da su ake ƙayyade wanda zai ga wane rabo. A NVMe, NGUID ke yin aikin shaidar shafi na 0x83. Duk umarnin da zai goge ko ya tsara faifai, ya kamata ya dogara da ita, kamar yadda Linux ke jera ta a /dev/disk/by-id. Mai gudanarwar da ya rubuta /dev/sdb a fayil ɗin saiti ya jingina bayanan kamfaninsa ga jerin da zai iya sauyawa a kunnawa ta gaba.