Daga Tsagiyar Doki Zuwa Lamba Tara

Duk wanda ya shiga shagon kayan kiɗa a Sabon Garin Kano ko a Yamai neman tsirkiyar jita, zai ga lambobi biyu a jikin kwalin: 9–42, ko 10–46, ko 13–56. Ta farko kaurin tsirkiyar da ta fi siranta ce, ta biyu kuma na wadda ta fi kauri, kuma ma'aunin shi ne kashi ɗaya cikin dubu na inci. Wato abin da ya raba lamba 9 da lamba 10 bai kai kaurin silin gashin kai ba. Amma a kan wannan ɗan bambanci makaɗa suke kwana musu, domin shi ne ke yanke ko yatsa zai yi kanta ko zai fashe, ko murya za ta cika ɗaki ko za ta shaƙe, ko wuyan jitar zai daɗe a miƙe ko zai tanƙware kafin shekara ta zagayo. Lambobin sababbi ne. Tambayar da suke amsawa kuwa ta girmi jita da ɗaruruwan shekaru, kuma ƙasar Hausa tana da nata rabo a tarihinta, ko da yake ba a rubuta shi ba.

Inda aka rubuta, a Bagadaza ne. A ƙarni na 9 masanin falsafa al-Kindi ya bayyana tsirkiyoyi huɗu na udu, garayar Larabawa, yana auna kaurinsu da yawan silin da aka murɗa: mafi kaurin murya sili huɗu na hanjin dabba, mai bi mata uku, sannan biyu, sannan ɗaya. Biyun sama, masu siririyar murya, da siliki ake yinsu, saboda siliki ya fi jure ja. A zamanin ne kuma Ziryab, wanda ya isa Ƙurɗuba ta Andalus a 822, aka ce ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar. Sai a 1636 wani malamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne, ya fitar da ƙa'idar a lissafe. Abu uku ne ke yanke muryar tsirkiya: tsawonta, nauyinta, da ƙarfin jan da aka yi mata. A gajarta ta, murya ta tashi. A tsananta ɗaurinta, murya ta tashi. A ƙara mata nauyi, murya ta sauka. Daga nan duk cinikin ya fito, domin mai son kakkaurar tsirkiya ta ba da muryar da siririya ke bayarwa, dole ya ja ta da ƙarfi fiye da siririyar. Kuma ƙarin ba kaɗan ba ne. Idan ƙarfe ɗaya ne, tsawo ɗaya, murya ɗaya, ja yana bin kaurin da aka ninka da kansa: daga lamba 9 zuwa 10 ja ya ƙaru da kusan kashi 23 cikin ɗari, daga 9 zuwa 13 kuwa ya ninka har da ɗoriya.

A lokacin da matafiyin nan na Birtaniya, Hugh Clapperton, yake kai da kawo tsakanin Sakkwato da Magarya a ƙarshen 1826 da farkon 1827, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kafa ribaɗoɗi a gabashin birnin don tare hare-haren Gobirawa. Wurno ce ta zama babbarsu, kuma a can ya rasu a 1837. Wannan yanki na kwarin Rima, daga Rabah zuwa Wurno zuwa Goronyo, ya taso ne a ƙarƙashin malaman da suka yi dogon rubutu game da kiɗa, kuma ba su ɗauki kayansa duka ɗaya ba. Ganga tana da hujja a wurin yaƙi da shelar aure da tara jama'a. Mai tsirkiya ba ta samu wannan rangwame ba. Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kiɗe-kiɗe cikin ɗabi'un sarakunan da aka yaƙa, ƙanensa Abdullahi kuma ya koka a waƙoƙinsa cewa wasu daga cikin jama'ar da kanta sun fara karkata ga irin wannan shagali. Goge da garaya sun ƙara da wani laifin: su ne ke kiran iskoki a dandalin bori.

Sakamakon ya daɗe. Manyan makaɗan fada da ƙasar Sakkwato ta yi alfahari da su a ƙarni na 20 masu fata ne, ba masu tsirkiya ba. Ibrahim Narambaɗa da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, Salihu Jankiɗi da taushi ya yi wa Sarkin Musulmi, Musa Ɗanƙwairo kuma da kotso ya wasa Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah. Tsirkiya ta zauna a wajen zaure: wurin mafarauta, wurin 'yan bori, dandalin samari da 'yan mata, daga baya kuma bariki. Ba ta mutu ba, amma ilmin haɗa ta bai taɓa samun al-Kindinsa ba. A yatsu aka adana shi, daga maigida zuwa yaronsa.

Ilmi ne kuwa na gaske. A ɗauki goge. Ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, aka soka mata sanda, aka ɗora ɗan jaki a kan fatar don ya ɗauki tsirkiya. Tsirkiyar ba sili ɗaya ba ce, damin tsagiya ce, gashin wutsiyar doki da aka jera aka ɗaure baki biyu, kuma da wata tsagiyar ake goga ta bayan an shafa ƙaro. Saboda haka mai goge ba ya sayen kauri, ƙirga shi yake yi. Ya ƙara sili, dami ya yi nauyi, murya ta yi kauri da amo, amma sai ya ƙara ɗauri, ɗaurin kuma yana danna jaki cikin fata. Ya rage sili, murya ta yi kaifi, yatsa ya samu sauƙi, amma ba za ta kai ƙarshen dandali ba, kuma duk silin da ya tsinke cikin dare ana jin rashinsa. Kukuma, ƙanwar goge, ƙaramar ƙwarya da gajeren wuya ne suka ba ta siririyar muryar da ta bi waƙoƙin Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam. Masu garaya da molo da gurmi, waɗanda ke taɓawa da yatsa ko da ɗan makaɗi, da murɗaɗɗiyar fata da jijiya da gashi suka yi aiki, su ma kauri a wurin murɗi ake yanke shi. Ƙasar da jar akuyarta ta yi suna har fatarta ta ƙetare Sahara aka sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko ba ta rasa abin yin tsirkiya ba. Abin da ta rasa shi ne yadda za ta hana tsirkiyar jin yanayi. Duk abin da ya fito daga jikin dabba yana shan laima: da damina ya saki, murya ta faɗi, da hunturu ya bushe ya ƙage, wani lokaci ya tsinke ba tare da an taɓa shi ba.

Maganin wannan ya fito daga wurin da ba a yi niyyar kiɗa ba. A 1935 masu bincike a kamfanin DuPont na Amurka, ƙarƙashin Wallace Carothers, suka haɗa zaren nailan, kuma kafin 1940 an fara sayar da shi a matsayin zaren fatsa. Yaƙin duniya na biyu ya sa hanjin tumaki ya yi wuyar samu, domin da shi ake ɗinke rauni, har shahararren makaɗin jita na Sifen, Andrés Segovia, ya rasa tsirkiyar kirki. Shi da wani maƙerin jita a New York, Albert Augustine, suka yi ta gwaji, zuwa 1948 tsirkiyar nailan ta shiga kasuwa. A Afirka ta Yamma ba a jira kamfani ba. Makaɗan kora na Gambiya da Senegal da Mali suka ajiye murɗaɗɗiyar fata suka ɗaura zaren masunta, masu gurmi da garaya da yawa ma haka. Zaren da masunci ke jefawa a gulbin Rima, ko a tafkin madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, shi ne kuma ke bisa wuyan gurmi. Da wannan ne lamba ta fara shiga sana'ar, domin zaren fatsa kauri-kauri ne a kasuwa, kowane da girman kifin da aka yi shi dominsa. An samu tsirkiyar da ba ta san damina ba, mai arha, mai tsabtar murya. An kuma yi asarar wani abu: ɗan kaushi da dishi-dishin da murɗaɗɗiyar fata ke bayarwa, wanda sumul ɗin nailan ba ya iya kwaikwayo.

Ƙarfe ya bi tasa hanyar. Kafin a sami na'urar ƙara sauti, makaɗin jita a Amurka yana gasa da ƙaho da ganga, ba shi da makami sai nauyin tsirkiya. A shekarun 1920 kamfanin Martin ya koma ƙera jitocinsa don ɗaukar ƙarfe, ya ƙarfafa katakon ciki, domin tsirkiyoyi shida na lamba 12 suna jan jikin jita da nauyin da ya haura kilo 70, dare da rana. Da jitar lantarki ta zo, dalilin kaurin ya ragu, tunda yanzu wuta ce ke ɗaga murya, amma kamfanoni suka ci gaba da sayar da masu kauri bisa sabo. Matasan makaɗan shekarun 1950, irin su James Burton, suna son su tura tsirkiya gefe da yatsa don murya ta lanƙwasa kamar kuka, ƙarfen kuma ya ƙi. Sai suka yi dabara: su jefar da mafi kaurin cikin shidan, su matsar da sauran gurbi ɗaya, su cike gurbin sama da siririyar tsirkiyar banjo. Wani mai shago a Kalifoniya, Ernie Ball, ya ga abin da ake yi, ya nemi kamfanin Fender ya haɗa kwali mai sirara aka ƙi, sai ya haɗa nasa a 1962 da sunan Slinky. Daga nan zaɓen lamba ya zama ruwan dare. Akwai abin lura a nan. Banjo, wadda ta ranta wa jita wannan siririyar tsirkiya, jikanyar garayun Afirka ta Yamma ce, bayin da aka kwashe ne suka sake ƙera ta a tsibiran Karibiyan da ƙwarya da fata da sanda. Dangin gurmi ce ta kusa.

Musun bai ƙare ba, kowane ɓangare da gwaninsa. Stevie Ray Vaughan lamba 13 yake ɗaurawa, yana sassauta ɗaurin kaɗan, duk da haka yatsunsa na tsagewa. Tony Iommi na Birmingham, wanda injin masana'anta ya datse wa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, dole ta sa shi komawa sirara, kuma da su ya fitar da sautin da ake kafa misali da shi wajen nauyi. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa kauri shi ne ƙarfi. A jitar lantarki, mafi yawan abin da ake kira kakkauran sauti daga na'ura da hannu yake fitowa. A jitar katako ce kaurin ke da hujja mai ƙarfi, domin tsirkiya ce kaɗai ke girgiza allon.

A Sahel jita ta tarar da kunnen da tsirkiya ɗaya ko biyu suka riga suka horar. Ali Farka Toure na Mali da 'yar garaya mai tsirkiya ɗaya ya fara, sai a 1956 ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita, ya kwashe abin da yatsunsa suka sani ya zuba a kan shida. Mdou Moctar na jihar Tawa a Nijar jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008. Salon nasu na saurin yatsa ne, bugu da ɗagawa da 'yan ƙawace-ƙawace a kan tsirkiya guda yayin da wata ke riƙe da amo a ƙasa, kamar yadda Mamman Barka ya riƙa yi da gurminsa mai biyu. Irin wannan hannu sassauci yake nema. Ɗanmaraya Jos kuwa, har ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, bai nemi ta biyu ba.

Saboda haka matashin da ke riƙe da kwali biyu a shago yau, ko malamin makaranta da ya sayo jita gwanjo ya kai ta Wurno, lissafinsa na mai goge ne ko bai sani ba. Sai dai shi akwai abin da ya kamata ya fara dubawa kafin kunnensa, wato katakon. Yawancin jitocin da ke isowa arewa masu arha ne, an ƙera su don ƙasashe masu laima, hunturu kuma yana tsotse su har allo ya tsage. A ɗora wa irin wannan lamba 13, wuya ya lanƙwaso, tsirkiya ta yi nisa da shi, danna ta ya zama azaba, ɗalibi ya jingine jitar a bango yana zaton shi ne ba shi da baiwa. Lamba 10 ko 11 a jitar katako, 9 a ta lantarki, sun fi yi wa sabon hannu da tsohon katako adalci. Wanda ya ƙware, yake kiɗa a fili ba wuta, yana dukan tsirkiya da ƙarfi, shi ne zai ci ribar hawa sama, kuma in ya hau sai ya sa a daidaita masa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan jitar. Jitar da aka yi don nailan kuwa galibi ba ta da wannan sanda, ba a kuma ƙarfafa allonta don ƙarfe ba. In aka ɗaura mata wayar ƙarfe, kamar yadda ake yawan yi idan ta nailan ta yanke a kasuwa, jakinta ne ke fara ɗagowa daga jikin allo.