Badalar Kano: Ƙofofi na Tsaye, Ganuwa na Ƙarewa

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya ɗora harsashin ganuwar birnin, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Shekaru ɗaruruwa tana shan ruwan damina da ƙurar hunturu, ta ga yaƙin Kwararrafa, ta ga shigowar Turawa a 1903. Ɓarnar da ta fi yi mata illa kuwa ta zamanin nan ce, kuma da takarda take zuwa.

Wanda ya bi titin BUK daga Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya zai gani da idonsa. A wani wurin badala ta zama ɗan tudun jar ƙasa da awaki ke hawa, ga ramukan masu ɗibar ƙasar gini a gindinta, ga bola an jibge. A wani wurin ko alamarta babu, sai shaguna da katangar bulo.

Tun 1959 aka ayyana ganuwar a cikin kayan tarihi na ƙasa, a 2007 kuma ta shiga jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. To me ya hana doka aiki? Hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya ce ke da alhakin tsaron ganuwar, amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha. Mai gadi daban, mai rabon fili daban. Duk ranar da buƙatunsu suka yi karo, an san wanda ke rinjaye.

Masu goyon bayan rusau kan ce gari ya cika ya batse, dole a buɗe hanya. Gaskiya ne, motar yau ba za ta bi ƙofar da aka yi wa doki da raƙumi ba. Sai dai ana iya ratsa titi ta gefe a bar tsohuwar ƙofa a tsaye. Da aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, an sake gina wata a gurbinta, amma sabon ginin ba zai gaya wa mai bincike yadda magina na dā suka jera tubali ba.

Agadas, wadda ita ma ginin ƙasa ce, ta shiga jerin UNESCO a 2013 saboda tsohon garin na nan, ana yi masa yaɓe. Kano na da magina, tana da sarakunan ƙofa. Ya kamata gwamnatin jiha ta auna abin da ya rage na badala, ta shata masa iyaka a taswira, ta haramta ba da fili a cikinta, ta kuma ware kuɗin yaɓe duk shekara kafin damina ta faɗi.