Yadda Larabawan fadama suka komo da ruwansu

Mai karatu, ka san fadama ita ke shanye ruwa in kogi ya cika ya batse. A kudancin Iraki, wajen mahaɗar kogin Dijla da Furat, akwai makekiyar fadama. Larabawan Ma'adan sun daɗe cikinta, suna su, suna kiwon ɓauna, suna gina ɗakunan kara.

Bayan tawayen 1991, gwamnatin Saddam Husaini ta datse ruwan, fadama ta bushe, jama'a suka watse. A 2003, da mulkinsa ya faɗi, mutanen ba su jira kowa ba, suka fasa madatsan da hannunsu. Ruwa ya komo, kifi da tsuntsaye suka biyo shi. Amma har yau fari da madatsan Turkiyya suna rage musu shi.