Haske da Ƙwayar Farko: Daga Farin Ƙwai Zuwa Amosanin Jini

Kafin masana su ga siffar furotin, sai sun sa ƙwayoyinsa sun jeru sahu-sahu sun daskare, sun zama kiristal, sannan a haska shi da hasken eksire. Ta haka David Phillips ya gano siffar laisozayim, wani furotin na farin ƙwan kaza, a Landan a 1965. Wahalar duka tana wurin farawa. Ko ruwan ya cika maƙil da furotin, yakan yi kwanaki shiru, domin 'yan ƙwayoyin da suka haɗu sukan watse kafin su kai girman da zai ɗore.

Wannan jiran ne haske ke yankewa. A 2003, masana a Jami'ar Osaka ta Japan sun harba leza mai gajeren bugu cikin ruwan furotin. Ɗan kumfa yakan taso nan take, furotin ya cunkushe a bakinsa, ƙwayar farko ta kafu. A 2005 kuma, Tetsuo Okutsu na Jami'ar Gunma da abokan aikinsa suka bi wata hanyar: hasken ultrabayolet yakan taɓa sinadarin tiriftofan da ke jikin laisozayim, ƙwayoyi biyu su manne, sauran su taru a kansu. Ke nan haske tsokana yake yi, ginin kuwa aikin furotin ne.

Mutumin Haɗeja na da rabo a wannan bincike. Fadamun kogin Haɗeja matattarar sauro ce, kuma inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, nan gadon sikila, wato amosanin jini, ke yawaita, kamar yadda binciken Garki a Jigawar yau ya nuna a shekarun 1970. Himogulobin mai amosanin jini, wanda shi ma furotin ne, da zarar ya rabu da iskar oksijin, sai ya jeru ya zama zare mai tauri, ya lanƙwasa ƙwayar jini. Ferrone, Hofrichter da Eaton a Amurka sun yi amfani da leza wajen tayar da wannan zare, suka auna jinkirin da ke gabansa, suka wallafa a 1985.

Jinkirin nan shi ne magana. Idan ƙwayar jini ta fice daga siririyar jijiya kafin zaren ya kafu, mutum ya tsira daga ciwo. Ƙaruwar kaurin himogulobin kaɗan takan gajarta jinkirin ƙwarai, abin da ya sa likitoci ke nanata wa masu sikila shan ruwa, musamman da zafin bazara.