Daga Alƙahira zuwa Kano a kwana 6: jirgin da ya buɗe hanyar gabas

A watan Nuwamban 2025 aka cika shekara 100 da saukar jirgin sama na farko a Najeriya, amma har gobe ba a daina musu kan wane jirgi ne ba. Ruwayar da ta fi yawo a intanet ta ce wani matuƙin sojan Ingila ne ya taso daga Khartum shi kaɗai a Yulin 1925, ya dira a filin sukuwa na Kano. Labarin da daɗin ji. Sai dai masu ba da shi ba sa kawo sunan matuƙin, balle ranar da ya sauka.

Ɗaya ruwayar kuwa tana da suna, tana da rana. Jirage 3 samfurin DH.9A sun tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ran 27 ga Oktoban 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka bi kogin Nilu zuwa Khartum, suka juya yamma ta El-Obeid da El-Fashir da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suna sauka suna shan mai, har suka iso Kano ran 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Wannan ita ce abin kamawa. Tsakanin Alƙahira da Kano kimanin kilomita 3,100 ne a miƙe, abin da jirgin yau ke cinyewa cikin awa 4 da 'yan kai, amma su sai da suka ɗebi kwana 6, kai a waje, rana da ƙura na dukansu. Kuma in an lura, sawun alhazai suka bi, waɗanda kan yi shekaru a ƙasa kan wannan hanya, wasu ma su zaune a Sudan ɗungurungum.

Coningham mutum ne mai kasada. A Nuzilan ya girma, ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a Janairun 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace kusa da Bamuda, ko ɓurɓushinsa ba a gani ba.

Ƙasar Gwandu kuwa ta jima kafin jirgin sama ya iso ta. Ko a 1934, da Sarkin Gwandu Usman ya tafi Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, jirgin ruwa suka shiga daga Ikko. Yau maniyyacin Kalgo ko Gwandu filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zai je, inda aka ƙaddamar da jigilar alhazan Najeriya ta 2024, kuma Madina na nan kimanin kilomita 4,000 daga wurin. Da hanya a buɗe take, da awa 5 zuwa 6 ta isa. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗin kujera ma ya ƙaru.